Da Wane Mudu Za A Auna Likita Mai Bincike?

Tun shekara ta 2019 wata al'ada ta shigo jami'o'in duniya, har da namu na Nijeriya. Kowace shekara wajen kaka sai wani dogon jerin sunaye ya fito, wanda Farfesa John Ioannidis na Jami'ar Stanford ta Amurka da abokan aikinsa su ke shiryawa bisa lissafin kamfanin buga littattafai na Elsevier. Jerin ya ƙunshi masanan da aka ce su ne biyu cikin ɗari na can sama a fannoninsu. Da fitarsa sai shugabannin jami'o'i su duƙufa neman sunayen mutanensu, wadda ta sami uku ko biyar ta aika wa jaridu, a buga hotuna, a yi ta barka da arziki. Mu ba mu ga laifin murna ba. Amma da ya ke da kuɗin jama'a a ke riƙe da jami'o'i da asibitocin koyarwa, ga shi kuwa irin wannan lissafi ya shiga maganar ƙarin girma da rabon kuɗin bincike, ya kamata masu karatunmu su san abin da a ke aunawa, su kuma san mudun da a ke awon da shi.

Abin da a ke ƙirgawa shi ne ambato. In likita ya yi bincike ya ƙare, ya kan rubuta abin da ya gano ya aika wa wata mujallar masana. Editan mujallar ya ba waɗansu masana biyu ko uku su duba, in sun yarda a buga. A gindin kowace takarda kuwa tilas marubucin ya jera takardun waɗanda suka riga shi, waɗanda ya kafa hujja da su. Wanda ya taɓa zama a kotun alkali ya san irin wannan, don alkali ba ya yanke hukunci da ka, sai ya ce ga abin da Risala ta faɗa, ga na Muhtasar. To, duk sa'ad da aka sa sunan takardarka a gindin takardar wani, an ambace ka sau ɗaya ke nan.

Daga wajen masu shari'a ma aka aro dabarar ƙirgar. Tun 1873 lauyoyin Amurka suna da littafin da ke nuna kowace shari'a tare da shari'o'in da suka dogara da ita daga baya. Cikin 1955 wani mutum mai suna Eugene Garfield ya kawo shawarar a yi wa ilmin kimiyya irinsa, cikin 1964 kuma ya soma fitar da littafin ga jama'a. Nufinsa na fari shi ne mai bincike ya iya bin sawun magana, ya ga wanda ya ƙara mata da wanda ya ƙaryata ta. Sai cikin 2005 wani masanin kimiyya a Kalifoniya, Jorge Hirsch, ya dunƙule al'amarin ya zama lamba guda. In ka ji an ce lambar wane 40 ce, ma'ana yana da takardu 40 waɗanda kowace ɗayarsu an ambace ta aƙalla sau 40. Kowane akawu ya san daɗin irin wannan lamba: tana shiga layin fom ba gardama, ba sai an karanta kome ba, kuma shugaban kwamiti zai iya cewa lissafi ne ya zaɓa, ba shi ba.

Don a ga inda mudun nan ya ke cika da inda ya ke yoyo, bari mu gwada shi a kan mutum guda, wanda aikinsa ya haɗa cutar huhu da ta zuciya, ya kuma biyo ta asibitocinmu na Arewa. Shi ne Farfesa Bongani Mayosi na Afirka ta Kudu. An haife shi a garin Mthatha cikin watan Janairu na 1967, zamanin mulkin wariyar launin fata. Cikin watan Disamba na wannan shekara ne Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a duniya a asibitin Groote Schuur na Cape Town, sa'ad da ba a yarda baƙin likita ya duba Bature ba. Shekara 39 bayan haka, watau cikin 2006, jaririn nan na Mthatha ya zama shugaban sashen likitanci na asibitin da na Jami'ar Cape Town. Kafin nan ya yi karatu a Jami'ar Natal, ya tafi Oksfod ta Ingila ya yi digirin dakta bisa gadon cututtukan zuciya. Cikin 2016 aka ba shi shugabancin tsangayar ilmin lafiya gaba ɗaya. Ya rasu ran 27 ga watan Yuli 2018 yana da shekara 51, iyalinsa kuwa suka bayyana cewa ya yi shekara biyu yana fama da matsanancin ciwon damuwa. Ya bar takardu fiye da 300 da sunansa a kai.

In lambobi za a bi, ba shi da abin jin kunya, don an ambace shi ƙwarai, manyan mujallu sun buga aikinsa, kuma cikin 2017 majalisar masanan likitanci ta Amurka ta zaɓe shi ya zama ɗan cikinta. Amma abin lura shi ne cututtukan da ya zaɓa ya ba ransa. Wanda ya dawo daga Oksfod da irin ilminsa, in suna ya ke nema, hanya a buɗe ta ke: ya bi toshewar jijiyar zuciya da kitsen jini, cututtukan da dubban masu bincike na Turai da Amurka ke rubutu a kansu kullum, su ne kuwa masu ambaton juna. Shi sai ya juya ga cuta biyu na talakawa, waɗanda ƙasashe masu arziki suka kusa mantawa da su.

Ta farko tarin fuka ne da ya kai ga zuciya. Kowa ya san tarin fuka da huhu, amma ƙwayar cutar ba kullum ta ke tsayawa can ba. Zuciya tana zaune cikin wata jaka ta tantani, tsakanin huhun dama da na hagu. In ƙwayar ta shiga jakar nan sai ruwa ya taru a ciki ya matse zuciya, har ta kasa buɗewa ta karɓi jini. Wani kuma ruwan ya janye, amma jakar ta yi kauri ta ƙandare kamar busasshiyar fata, sai ƙafa da ciki su kumbura, ba makawa sai an yi fiɗa an ɓare ta. Da cutar ƙanjamau ta yaɗu, wannan ciwo ya ƙaru a asibitocin Afirka. Mayosi da abokan aikinsa suka fara da ƙirga kawai. Suka bi marasa lafiya 185 a asibitocin Afirka ta Kudu da Nijeriya da Kamaru, suka tarar kimanin ɗaya cikin huɗu ya mutu kafin wata shida. Cikin 2008 aka buga wannan, a mujallar likitocin Afirka ta Kudu.

A zamanin nan likitoci da yawa su kan haɗa wa irin waɗannan marasa lafiya wani magani mai kwantar da kumburi, firedinisolon, bisa magungunan tarin fuka na kullum. Hujjarsu ita ce gwaji biyu da aka yi a yankin Transkei, ƙasar haihuwar Mayosi, aka buga cikin 1987 da 1988. Gwaje-gwajen an yi su da kyau gwargwadon zamaninsu, amma mutanen da aka gwada 'yan ɗaruruwa ne, kuma ƙanjamau ba ta bazu ba tukuna. Maganin nan kuwa yana raunana garkuwar jiki. To, yaya ke nan in an ba wanda garkuwarsa ta riga ta karye? An yi shekara ashirin ana ambaton takardun nan biyu, littafi yana kwafa daga littafi, ba wanda ya sake yin babban gwaji.

Mayosi ya ce sai an gwada a kan san na ƙwarai. Ya haɗa kai da Farfesa Salim Yusuf na Jami'ar McMaster ta Kanada, suka tara marasa lafiya 1,400 a asibitoci 19 cikin ƙasashen Afirka 8, tun daga 2009 har 2014. Cikin likitocin da sunansu ya ke kan takardar akwai na Kano da na Zariya. Kashi biyu cikin uku na marasa lafiyan suna ɗauke da ƙwayar ƙanjamau. Kowa aka ba shi maganin tarin fuka cikakke, sa'an nan aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi aka ƙara musu firedinisolon na mako shida, rabi aka ba su ƙwaya mai kama da shi wadda ba magani cikinta, kuma daga likita har majinyaci ba wanda ya san abin da aka ba wa. Da aka buɗe lissafi cikin 2014 sai aka ga maganin bai rage mutuwa ba. Ya dai rage ƙandarewar jakar zuciya, daga kashi 7.8 cikin ɗari zuwa 4.4, ya kuma rage kwanciya asibiti. Amma ciwon daji ya fi yawa ga waɗanda suka sha shi, galibi masu ƙanjamau. Shekara na zagayowa, cikin 2015, ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta gyara littafin jagorarta, ta ce ana iya ba wanda ba shi da ƙanjamau, amma a guje shi ga mai ita.

A nan ne mu ke so masu karatu su tsaya su duba. Takardar nan an ambace ta, kuma za a ci gaba da ambatonta. Amma amfaninta na ainihi yana aukuwa ne sa'ad da wani likita a asibitin lardi, a Malawi ko a Katsina, ya ɗauki alƙalami zai rubuta magani, ya tuna, ya fasa. Likitan nan ba ya rubuta takardar bincike, balle ya ambaci kowa. Haka nas ɗin da ke ba da maganin, haka malamin da ke koya wa ɗalibai. Mai ƙirgar ambato masu rubutu kaɗai ya ke gani, alhali kuwa masu aiki da ilmin likita sun fi masu rubuta shi yawa nesa ba kusa ba. Majinyacin da ciwon daji bai kama shi ba saboda an hana shi maganin, shi kansa bai san an yi masa kome ba.

Cuta ta biyu ita ce wadda mu ke roƙon malaman makaranta su karanta labarinta sau biyu, don a cikin azuzuwansu ta ke farawa. Yaro ɗan shekara biyar zuwa goma sha biyar ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, irin wanda wata ƙwayar cuta ke kawowa. A ba shi jiƙo ko a ƙyale shi, ya warke. Bayan mako biyu ko uku sai zazzaɓi ya dawo, gwiwa ta kumbura, gobe ta saki ta koma idon sawu ko gwiwar hannu. Abin da ya faru shi ne garkuwar jikin yaron, garin yaƙi da ƙwayar cutar, ta ruɗe ta auka wa naman jikinsa. Gaɓoɓi su kan warke sarai. Amma zuciya tana da ƙofofi huɗu masu marafai, waɗanda ke hana jini komawa baya, su kuwa in sun ji rauni tabo ya kan zauna. Kowane dawowar ciwon maƙogwaron ƙarin tabo ne, har marfin ya ƙanƙance ko ya dinga yoyo. Sa'an nan jini ya taru a huhu, saurayi ya kasa hawan matakala, budurwa ta yi aure ta ɗauki ciki zuciyar ta gaza. Rigakafin kuwa tsohon magani ne mai araha: fenisilin ga mai ciwon maƙogwaron, wanda kuma ciwon ya riga ya taɓa, a yi masa allurar fenisilin mai daɗewa a jiki kowane mako uku ko huɗu, shekara da shekaru. Da wannan, da kuma raguwar cunkoso a ɗakunan kwana, cutar ta kusa ƙarewa a Turai da Amurka tun ƙarnin da ya wuce. Da ta ƙare a can sai masu bincikenta suka ragu, masu ambato suka bi su. Amma wani ƙiyasi da aka buga cikin 2017, da sunan Mayosi cikin marubutansa, ya nuna a shekara ta 2015 mutum miliyan 33 ke fama da ita a duniya, ta kuma kashe kimanin 319,000.

Nan ma da ƙirga ya fara. Tsakanin 2010 da 2012 shi da almajirarsa Liesl Zühlke da sauran abokan aiki suka rubuta marasa lafiya 3,343 a asibitoci 25 na ƙasashen Afirka 12, da Indiya, da Yaman, kuma Nijeriya tana ciki. Rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, kashi biyu cikin uku mata ne. Waɗanda ke samun fenisilin na rigakafi kashi 55 ne kacal cikin ɗari, ko da ya ke duk a hannun manyan asibitoci su ke. Da aka bi su shekara biyu sai aka tarar wajen kashi 17 cikin ɗari sun mutu. Bai tsaya ga bugawa ba. Tun 2005 ya tara likitocin Afirka a duwatsun Drakensberg suka yi alkawarin yaƙi da cutar, cikin 2015 aka sake taro a Adis Ababa ƙarƙashin Tarayyar Afirka, aka yi ta bin ministoci, har cikin watan Mayu na 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya a Janiba ya zartar da ƙuduri a kan cutar, wata biyu kafin rasuwarsa. Shekara goma sha uku na tafiye-tafiye da wasiƙu da zaman jira a ƙofar ofisoshi, ba ko ɗaya da ke shiga lambar Hirsch. Haka kuma ɗaliban da ya yaye, da shirin da ya tsaya a kai na samar wa ƙasarsa masu digirin dakta 1,000 a fannin lafiya.

Wannan yoyon mudu ke nan ta gefe guda, watau abin kirkin da ba ya kamawa. Akwai kuma tsakuwar da ya ke aunawa a matsayin hatsi. Lissafin bai san yabo ba, bai san zargi ba, in an ambaci takardarka don a ƙaryata ta, an dai ambace ka. A fannin zuciya aka ga misali mafi muni. Cikin 2001 wani likita a Amurka, Piero Anversa, da mutanensa suka ba da labari cewa ƙwayoyin ɓargo suna iya zama sabon naman zuciya bayan ya mutu. Duniya ta ɗauka, kuɗi suka yi ta zuba, aka ambace shi dubbai. Cikin 2004 waɗansu ɗakunan bincike biyu suka gwada ba su ga haka ba, suka buga, su ma tilas suka ambace shi. Ya ci gaba da ɗaukaka har ya koma Harvard. Sai cikin 2017 hukumar asibitin da ya yi aiki ta biya gwamnatin Amurka dala miliyan 10 bisa zargin an nemi kuɗin bincike da bayanan da ba na gaskiya ba, cikin watan Oktoba na 2018 kuma Harvard da asibitin suka nemi a janye takardu 31 na ɗakin bincikensa, suka ce akwai ƙage a cikinsu. Gwamnati ta dakatar da wani gwaji da a ke yi a jikin masu ciwon zuciya bisa wannan tushe. Ramin ƙarya ƙurarre ne, gaskiya, amma wannan ya yi shekara goma sha bakwai kafin a kai ƙarshensa, kuma duk tsawon lokacin lambar mai shi hawa ta ke yi.

Ko ba ƙarya ma, lambar tana da son kai irin nata. Da mujallar Nature ta ƙirga cikin 2014, takardar da ta fi kowace ambato a tarihi ita ce ta Oliver Lowry ta 1951, wadda ta koyar da hanyar auna wani sinadari a ɗakin gwaji, an ambace ta fiye da sau 300,000. Takardar Watson da Crick ta 1953, wadda ta buɗe asirin gadon halitta, ba ta shiga ɗari na farko ba. Daɗin daɗawa, yanzu akwai takardu masu marubuta ɗari biyar ko fiye, kuma a lissafin Hirsch kowane ɗayansu ya kan kwashi ambaton takardar dukansa, kamar a ce mutum ɗari biyar sun yi gayya a gona guda, kowa ya koma gida ya ce shi ya noma damin duka. Masu shirya jerin Stanford sun san waɗannan, sun yi ƙoƙarin gyara, suna duba matsayin sunan mutum a takarda, suna ware inda ya ambaci kansa. Amma gyaran bai hana abokai su yi adashi ba, ka ambace ni in ambace ka, bai kuma hana mujallun nan na kasuwa ba, masu karɓar kuɗi su buga ko mene ne ba dubawa, waɗanda malaman jami'o'inmu suka san su sarai.

Kada a ɗauka muna cewa a watsar da ambato. In aka yi aiki da shi yadda Garfield ya nufa tun farko, ba abin da ya fi shi, kuma muna da shaida a gida. Farfesa Eldryd Parry, wanda ya koyar da likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1969, shi da Dakta Neil Davidson sun bi mata 224 a Zariya waɗanda zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka buga cikakken bayani cikin 1978. Suka ga ciwon ya yi yawa ƙwarai a ƙasar Hausa, suka ɗora zato a kan al'adun jego: kunun kanwa mai yawan gishiri, wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Shekara arba'in duk wanda zai yi rubutu a kan wannan ciwo a ko'ina cikin duniya sai ya ambaci Zariya, maganar kanwa ta shiga littattafan koyarwa. Sai Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsa suka bi sawun, suka tara mata fiye da 400 daga asibitocin sassan Nijeriya, suka buga cikin 2020. Suka tabbatar ciwon ya fi yawa a Arewa maso Yamma, wajen haihuwa ɗaya cikin ɗari. Amma abubuwan da suka ga suna tafiya da shi su ne rashin karatun boko, da rashin sana'a, da rama, da hawan jini na masu ciki, wankan jego da kunun kanwa kuwa ba su tsaya da ƙafarsu a lissafin ba. Maganar ba ta ƙare ba tukuna, wani zai zo ya ambaci Karaye ya gwada shi. Amma ka ga yadda ambato ya sada likitan Kano na yau da likitan Zariya na jiya, har aka soma sauke wa kakanninmu mata laifin da wataƙila na talauci ne. Wanda ya ƙirga ambaton takardar 1978 bai karanta ta 2020 ba, zai ba da lamba daidai ya kuma ba da shawara a karkace.

Masana da kansu sun ga haɗarin. Cikin watan Disamba na 2012 waɗansu editoci da masu bincike suka taru a San Francisco suka rubuta sanarwa cewa a daina auna mutum da sunan mujallar da ta buga aikinsa, a koma ga abin da aikin ya ƙunsa, kuma dubban hukumomi da mutane sun sa hannu. Waɗansu masu ba da kuɗin bincike a Turai yanzu su kan ce wa mai nema ya zaɓi 'yan takardunsa kaɗan ya bayyana abin da kowace ta canza. Mu a ganinmu wannan ya fi dacewa da ƙasa irin tamu, inda masu bincike kaɗan ne, kuɗi kaɗan ne, cututtuka kuwa ba irin na masu yawan ambato ba ne. In aka ce wa saurayin likita a Sakkwato ko Maiduguri ƙarin girmansa yana rataye da lamba, ba wawa ba ne, zai duba inda lamba ta ke. Zai nemi a saka sunansa na ɗari uku a takardar wasu, ko ya yanka bincike ɗaya gida biyar, maimakon ya yi shekara biyar yana bin yara masu ciwon maƙogwaro a ƙauye. Ba shi za a zarga ba, sai wanda ya rubuta fom ɗin. Kwamitin ƙarin girma ya duba lambar, ba laifi, don wanda ya yi shekara ashirin yana rubutu ba wanda ya taɓa ambatonsa shi ma akwai tambaya a kansa. Amma bayan an duba, a sa 'yan kwamitin su karanta takardu uku da mai neman ya zaɓa da kansa, su tambaye shi wane magani aka fara ko aka daina saboda su, wane littafin jagora aka gyara, almajirai nawa ya yaye, suna ina yanzu. Aiki ne mai cin lokaci, mun sani, kuma zai jawo gardama, wadda lamba ba ta jawowa.

Akwai kuma wata ƙididdiga da mu ke so ma'aikatun lafiya na jihohinmu su riƙa fitarwa, ko da jaridu ba za su buga hoton kowa saboda ita ba. Allurar fenisilin ɗin nan da Mayosi ya yi ta kira a kanta, saboda arahar ta kamfanoni kaɗan ne suka damu da yin ta, har wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hannu a ciki ya tarar tsakanin 2014 da 2016 ƙasashe 39 cikin 95 da suka ba da amsa sun yi fama da yankewarta. Cikin 2021 kuma aka bayyana sakamakon wani gwaji a arewacin Yuganda, inda aka duba zukatan 'yan makaranta da na'ura aka gano waɗanda ciwon ya fara taɓawa tun ba su sani ba. Cikin waɗanda aka yi wa allurar kowane mako huɗu har shekara biyu, ƙasa da ɗaya cikin ɗari ne ciwon ya ci gaba, waɗanda ba a yi wa ba kuwa takwas cikin ɗari. Saboda haka muna so kowace jiha ta gaya mana yara nawa ke cikin rajistarta masu wannan ciwo, nawa ne daga cikinsu suka sami allurarsu a watan jiya, kuma a cikin ɗakunan shan magani na ƙananan hukumomi nawa ne ke da kwalbar a kan kanta yau.